Ƙwayar awo da farautar ciwon daji



Kun san 'yar ƙwayar folic acid ɗin nan da ake bai wa masu ciki in sun je awo, a Damba ne ko a FMC Gusau? Bitamin ce. To wasu nau'in ciwon daji, musamman na ƙwan mace, suna kwaɗayinta sosai, don tana taimaka musu yaɗuwa. Nan masana suka hango dabara.

A 1993, Reza Ghadiri a Amurka ya haɗa wani siririn bututu da guntayen furotin, wanda ido ba ya gani. Yanzu ana gwada ɗora masa magani, a manna bitamin ɗin a jikinsa kamar tana a ƙugiya. Dajin ya haɗiya, magani ya sauka inda ake so, maimakon ya bi duk jiki har gashi ya zube.

Bututun dai yana ɗakin gwaji tukuna. Amma a 2021 Amurka ta amince da Cytalux, rinin da ke bin wannan hanya yana haska wa likita dajin lokacin tiyata.

Kar fa wani ya sayi folic acid ya ce maganin daji ne. Ka ji ƙullutu, garzaya asibiti.

Mu kwana nan.