Sammaci a Bakin Iyaka: Idan Wanda Ake Ƙara Ya Tsallaka Benin



Aikin masinjan kotu a ƙaramar hukumar Bagudo ya fi na Birnin Kebbi wuya, kuma iyakar Benin ce sila. Daga Tsamiya zuwa Segbana, ko daga Lolo zuwa Madekali, tafiyar ɗan kabu-kabu ce. Tun yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898, wadda ta raba ƙasar Bargu, dangi ɗaya suke zaune a ƙasa biyu. Dillalin shinkafar da ake bi bashi, da ya ji ƙishin-ƙishin an kai ƙararsa, sai ya kwana gidan kawunsa a ƙetare. Masinja ya yi sallama, yaro ya leƙo daga zaure ya ce, "Baba ya yi tafiya." Yaushe zai dawo? "Bai faɗa ba."

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. A shari'ar Skenconsult da Ukey, a 1981, Kotun Ƙoli ta ce inda ya wajaba a miƙa sammaci ba a miƙa ba, duk zaman da ya biyo baya rusasshe ne. Shi ya sa ƙa'idar farko ita ce hannu da hannu.

Idan hakan ya gagara, mai ƙara zai koma gaban alƙali da takardar rantsuwa: ranar da aka je, gidan da aka je, wanda aka tarar. Daga nan kotu kan ba da izinin a liƙa sammacin a ƙofar gidansa, ko a damƙa shi ga wani baligi da ake kyautata zaton zai isar, ko a buga a jarida.

A nan mutanen bakin iyaka suke faɗawa rami. Shari'ar Kida da Ogunmola, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2006, ta taso ne daga cinikin gida a Maiduguri. An liƙa sammaci a tsohon gidan waɗanda ake ƙara, alhali an san sun riga sun koma Ibadan. Kotun ta ce liƙin bai yi ba: wanda yake wajen hurumin kotu a lokacin da aka fitar da sammaci, sai an bi hanyar miƙawa ta wajen hurumi. Mai ƙara ya yi nasara a kotun farko, ƙarshenta aka rushe komai. To, in Ibadan ta jawo haka, ina ga Segbana?

Don haka tambayar farko ita ce: ina mutumin yake ranar da aka fitar da takarda? Wanda ke kwana a Illo yana ɓuya da rana daban, wanda ya kwashe iyalinsa ya tare a Malanbil ta Benin daban. Idan wata jiha ya koma, kamar Neja ko Sakkwato, dokar masinjojin kotu ta tarayya ta rufe ƙofar: sashe na 97 ya ce a rubuta a jikin sammacin cewa a wajen jiha za a miƙa shi, sashe na 99 kuma ya ba shi aƙalla kwana 30 ya amsa. Idan Benin ce, masinjan Najeriya ba shi da iko ko taku ɗaya bayan shinge. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1965 kan miƙa takardun kotu tsakanin ƙasashe, saboda haka sai an nemi izinin Babbar Kotu tukuna. A can kuwa tsarin Faransa ake bi, da Faransanci ake aiki, kuma ma'aikacin shari'a mai rantsuwa ne ke kai takarda.

Malaman Malikiyya, waɗanda kotunan Musulunci na Kebbi ke aiki da littattafansu irin su Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, sun daɗe da tsefe hukunci a kan wanda ba ya nan. Sun kasa shi uku gwargwadon nisa. Na kusa, kamar tafiyar kwana uku, a aika masa: ko ya zo, ko ya wakilta. Na tsakiya, kamar kwana goma, ana yanke masa hukunci a kan bashi, ban da ƙwace masa gida ko gona. Na nesa ƙwarai ana yankewa a kan komai, bayan mai ƙara ya kawo shaidu ya kuma yi rantsuwa, sannan a ajiye masa hujjarsa har ya dawo. A wannan ma'auni, mazaunin Madekali na kusa ne.

Waya ma ta shigo. A 2019, a shari'ar Compact Manifold da Pazan, Kotun Ƙoli ta amince da sanar da ranar zama ta saƙon tes. Amma sanarwar zama ce, sammacin farko yana nan da ƙa'idarsa.

Abin da ya rage ga mai ƙara shi ne shiri tun ranar ciniki. A rubuta yarjejeniya, a sa adireshi da lambar waya, a sa mai tsayawa wanda gidansa da gonarsa ke ɓangaren Najeriya. In rigima ta taso, a shigar da ƙara da wuri, masinja ya bi ta hannun mai unguwa, ya kuma nemi mutumin ranar kasuwa, lokacin da ya tsallako karɓar kuɗin kayansa.