Gida a Gindin Dutse

Karatu: Markus 9:2-29

  

Yau ina so mu yi magana a kan wani buri da ya zama ruwan dare a tsakanin tsararrakina. Da zarar mutum ya haye shekara hamsin, ya fara ƙirga abin da ya rage masa kafin ritaya, sai ka ji yana cewa, "Ni dai in Allah ya yarda Jos zan koma. In sami fili a gindin dutse inda babu hayaniya, kasuwa ba nisa, asibiti ba nisa, da yamma in ɗauki sandata in hau tudu in sha iska." Na ji wannan a bakin ma'aikatan gwamnati, na ji a bakin sojoji da malaman makaranta, na ji a bakin fastoci 'yan'uwana. Ni kaina, ba zan ɓoye muku ba, na taɓa tsayawa a kan wani fili ina auna inda ɗakin karatuna zai kasance.

Wanda ya taɓa kwana a Yola ko Maiduguri a watan Afrilu ba zai yi wa mai wannan buri dariya ba. Garin Jos yana kan tudu, wajen mita 1,200 bisa teku. Duwatsun Shere da ke gabas da gari sun haura mita 1,800. Saboda wannan tsawo, ko a tsakiyar bazara da wuya ka kwana kana gumi, a Disamba da Janairu kuwa sai da bargo biyu. Na tuna lokacin da nake ɗalibi a Bukuru, wankan asuba a cikin hunturu shi ne jarrabawar da ta fi Helenanci wuya. Wannan sanyin ne ya sa dankalin Turawa yake yi a Bokkos da Mangu, kabeji da karas da latas suke cika kasuwar Farin Gada, ga acca, ga gwate mai zafi da safe. Masu mishan na dā sun gane haka da wuri. Fiye da shekara ɗari ke nan da mishan ta SIM ta kafa gidan hutu a Miango, domin ma'aikatanta da zafi da zazzaɓi suka galabaitar su hau tudu su sami ƙarfi. A nan kuma akwai maƙabarta inda aka binne da yawa daga cikinsu, har da ƙananan yara.

Wuraren shan iska kuma ba su da iyaka. Akwai gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, inda ake ajiye kawunan yumɓu na mutanen Nok. Akwai gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. In ka bi hanyar Abuja za ka wuce duwatsun Riyom, waɗanda suke kamar wani ne ya ɗora su ɗaya bisa ɗaya da hannu, ka gangara Hawan Kibo ka kai ruwan Assop da ke zubowa daga kan dutse. A Shere akwai makarantar da ake koya wa matasa hawan dutse da jimiri. Allah ya yi wa ƙasar nan kyau, babu gardama.

To, bari in ba ku labarin wani dattijo. Ba zan faɗi sunansa ba, ya kuma ba ni izini in yi maganarsa.

Baba ya yi aiki shekara 35 a wani babban birni. Da aka biya shi kuɗin sallama, sai ya sayi fili a bayan garin Jos, ta wajen Lamingo, inda in ka buɗe taga duwatsun Shere ne suke gaishe ka. Ya yi lissafinsa kamar yadda ma'aikaci yake yi. Minti kaɗan a mota ya kai asibiti. Minti kaɗan ya kai kantuna a cikin gari. Ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sa sola, ya ja katanga mai tsawo, ya ɗora waya a kanta, ya sa ƙofar ƙarfe. Da na kai masa ziyara ta fari, ya zaga da ni ko'ina. Ya tsai da ni a tsakar gida ya ce, "Fasto, saurara. Me ka ji?" Na ce, "Baba, ban ji kome ba." Ya yi dariya ya ce, "Abin da na saya ke nan."

Mama ce ta raka ni mota. A hanya ta rage murya ta ce, "Fasto, a can inda muka baro ina da zumuntar mata, ina da maƙwabta da muke aron gishiri. A nan sai in wuni ban yi magana da kowa ba sai mai kabeji a bakin titi. Baba bai tambaye ni ba kafin ya sayi wurin nan." Maza masu sauraro, a nan zan ɗan tsaya. Kai ka gaji da jama'a domin ka yi shekara talatin kana fama da su a ofis. Matarka ta yiwu jama'ar nan su ne ransu. Kafin ka biya kuɗin fili, ka zauna da ita.

A unguwar akwai mutanen da kakanninsu suke noma wurin tun kafin a san za a yi birni. In rani ya yi, matansu sukan yi tafiya mai nisa neman ruwa. Sun ji ƙarar famfo a bayan katangar Baba, wata rana biyu daga cikinsu suka ƙwanƙwasa ƙofa da bokitai. Baba ya ce a gaya musu ba a ba da ruwa a nan. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Ya ce mini in ya ba mutum biyu yau, gobe ashirin za su zo, shirun da ya saya da kuɗin gumin shekara 35 ya tafi ke nan. Ana gayyatarsa taron unguwa, ba ya zuwa. Aka yi rasuwa gida na uku daga nasa, bai sani ba sai da ya ga rumfa.

Mu bar Baba a bayan ƙofarsa tukuna, mu duba karatunmu.

Markus ya gaya mana Yesu ya ɗauki Bitrus da Yakubu da Yohanna, ya kai su kan wani dutse mai tsawo, su kaɗai. Ku lura, shi ne ya kai su. Ba su gudu daga aiki ba. A sura ta 6 ma, da ya ga almajiran ba su da zarafin cin abinci saboda yawan masu kai da kawowa, shi da kansa ya ce su keɓe su huta, daga baya kuma ya hau dutse shi kaɗai ya yi addu'a. Saboda haka kada kowa ya sa maka laifi a zuciya don kana marmarin wuri mai shiru. Gajiya gaskiya ce, jikin nan kuma ƙasa ne.

A kan dutsen suka ga ɗaukakarsa, suka ga Musa da Iliya suna magana da shi. Sai Bitrus ya kawo shawara a kafa bukkoki uku. Ina ƙaunar Bitrus a wannan wuri, domin da ni ne, da na riga na fara neman mai awon fili. Markus ya ce bai ma san abin da zai faɗa ba, don tsoro ya kama su. Ba a kafa bukka ko ɗaya ba. Suka sauko. Me suka tarar a gindin dutse? Taro, da gardama, da almajirai tara da suka kāsa, da wani uba riƙe da ɗansa wanda mugun ruhu yake jefawa cikin wuta da cikin ruwa tun yana ƙarami. Duk lokacin da Bitrus yake shirin gini a sama, wannan uban yana ƙasa yana jira.

Akwai wani abu da mu masu zuwa tudun nan neman hutu muke mantawa. Mutanen da muka tarar a nan, Berom da Afizere da Anaguta da Irigwe da sauransu, kakanninsu ba don shan iska suka zauna cikin duwatsu ba. A zamanin hare-haren neman bayi, dutse mafaka ne. Sun kewaye ƙauyukansu da shingen ƙerana, har yau za ka ga sauransa a gefen gonaki. Amma shingen nan gari duka ya kewaye, kowa yana ciki tare da ɗan'uwansa. Namu shingen na yau gida ɗaya yake kewayewa.

Daga baya Turawa suka zo haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, Hausawa da Ibo da Yarabawa da mutane daga ko'ina suka cika sansanonin aiki. Haka Jos ta zama gari. Ramukan kuzan nan suna nan har yanzu, ruwa ya cika su, itatuwan turare sun kewaye wasu. Suna da kyan gani, amma suna da zurfi, sun kuwa ci yara da yawa. Mai sayen fili kusa da su, ya ja wa jikokinsa kunne.

Ba kuwa zan yi muku adalci ba in na tsaya a kan sanyi da kabeji. Jihar Filato, wadda aka kafa a 1976, ana yi mata kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Duk da haka a Satumban 2001 an yi kashe-kashe a Jos, an sake a Nuwamban 2008, an sake a Janairun 2010. Kirista sun mutu, Musulmi sun mutu. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002. Unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Ƙauyuka a Bassa da Riyom da Barkin Ladi da Mangu sun sha hare-hare, a jajibirin Kirsimeti na 2023 kuma an kashe mutane masu yawa a Bokkos da Barkin Ladi. Duwatsun suna nan tsaye a dukan waɗannan ranaku, iskar ma ba ta daina sanyi ba.

A watan Yuni na 2018, da aka kai hari a yankin Barkin Ladi, mutane suka gudu zuwa ƙauyen Yelwa. Limamin wurin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo da ya haura shekara tamanin a lokacin, ya ɓoye fiye da mutum 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da cikin gidansa. Ya tsaya a gaban masu makamai ya ƙi buɗe ƙofa. Gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019. Da aka tambaye shi dalili, cikin abin da ya ambata har da cewa Kiristan wurin ne suka ba da filin da aka gina masallacin shekaru da yawa da suka wuce. Wanda ya ba da filin nan, na tabbata bai san yana gina wa jikokinsa mafaka ba.

Mu koma wurin Baba. A shekara ta uku da tarewarsu, wani dare cikin damina, wajen ƙarfe biyu, ya tashi zai shiga banɗaki sai ya faɗi. Bakinsa ya karkace, hannun hagu ya ƙi motsi. Mama ba ta iya tuƙi ba. 'Ya'yansu, ɗaya yana Legas, ɗaya yana Ingila. Asibitin da Baba ya auna nisansa yana nan inda yake, mota tana nan a ajiye. A cikin wayar Mama babu lambar mutum ko ɗaya a unguwar.

Ta buɗe ƙofar ƙarfen nan ta fita cikin ruwan sama. Ta buga gida na fari, shiru. Na biyu, shiru. Kada ku ga laifinsu. A ƙasar da ta ga abin da na ambata, wa zai buɗe wa muryar da bai sani ba da ƙarfe biyu na dare? A gida na huɗu ne wata mace ta ce wa mijinta, "Tsaya, na san muryar nan. Maman nan ce da take sayen kabeji a wurina." Ɗanta mai tuƙa keke-napep ne. Shi da wani maƙwabci suka ɗauki Baba a kan tabarma.

Na je na gan shi a asibiti. Ya daɗe yana kallon silin kafin ya yi magana, harshensa da nauyi. Ya ce, "Fasto, yaron nan ko sunansa ban sani ba. Uwarsa kuma tana cikin matan da na kora da bokiti." Na karanta masa wannan sura da muka karanta yau, muka yi addu'a. Ban ƙara masa wa'azi ba.

Baba ya tashi, amma hannun hagun bai koma daidai ba, hawan tudun da ya yi mafarki kuwa yanzu iyakarsa bakin titi da sanda. Ya sa an huda katanga an fitar da kan famfo waje. Abin da ya ji tsoro ya faru, ba ashirin ba ma, sun fi haka. Tun ƙarfe biyar na asuba ake jin ƙarar bokiti da surutun mata da kukan goyo. Da na koma kwanan baya, ya yi mini ƙorafi sosai a kan hayaniyar, ya ce zai kafa doka kada a fara ɗiba sai ƙarfe shida. Mama ba ta cikin gida. Na same ta a bakin famfo tana koyon gaisuwa da harshen mutanen wurin, suna ta yi mata dariya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba Iliya a kan dutsen Horeb. Ku karanta Littafin Sarakuna na Fari sura 19 kafin lokacin. Ku huta lafiya.