Idan Ɗan'uwa Ya Fara Sakin Cokali

Jawabi ga dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata, Tudun Murtala, Kano



A gidajenmu akwai waɗanda suka tashi da larurar sandarewar gaɓɓai saboda rauni da ƙwaƙwalwa ta samu a lokacin haihuwa ko jim kaɗan bayanta. Ba shan-inna ba ce. Wani doguwar naƙuda ce ta jawo masa, wani kuwa shawarar jarirai da ba a yi maganinta da wuri ba. Mun saba ganinsu, kai yana ta juyawa ba da sonsu ba, amma suna cin abinci da kansu, suna zuwa sujada, wasu har da sana'a.

Ga abin da muke so mu riƙe: raunin ƙwaƙwalwar nan ba ya ƙaruwa da shekaru. Saboda haka idan ɗan'uwa mai shekara 30 ko 40 ya fara sakin cokali, maɓallin riga ya gagare shi, yana yawan faɗuwa, ko fitsari yana kufce masa, kada mu ce, "Ai ciwonsa ne na da." Sabon abu ne, kuma sau da yawa a wuya yake. Ƙasusuwan wuya 7 ne, laka tana bi ta tsakiyarsu. Shekara da shekaru ana fizgar wuya dare da rana, ƙasusuwan sukan zaizaye tun kafin tsufa, su matse lakar. In ta daɗe a matse, abin da ya tafi ba lalle ya dawo ba.

Muna da Asibitin Ƙashi na Dala, muna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A kai shi, a gaya wa likita dalla-dalla abin da yake iya yi bara wanda ba ya iya yi bana. Hoton MRI ne ke nuna inda laka ta matsu. Wani za a yi masa tiyata, a buɗe wa lakar hanya, a ɗaure ƙasusuwan da ƙarfe. Wani lokaci sai an haɗa da allurar da ke sassauta tsokar wuya, domin fizgar kada ta ɓata aikin.

Kada a kai shi wurin mai ɗori a murɗa masa wuya. Mu ma fastoci sai mu faɗa wa kanmu gaskiya: wajen ɗora hannu a yi addu'a, a daina danna kan mara lafiya ko tura shi baya. A riƙe hannunsa, ya isa.

Bayan an sallamo shi ne wahalar take. Gashi yakan ɗauki watanni. Wanda ke kwance sai an juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, uwa ɗaya kuwa ba za ta iya wannan ita kaɗai ba. Muna roƙon Zumuntar Mata da matasa su raba kwanaki. Dattawa kuma su duba asusun marasa lafiya, ko zai ɗauki kuɗin hoto da na mota zuwa Dala, su kuma duba matakalar ƙofar majami'a, wadda keken guragu ba ya iya hawa.