Ɓarawon Yau Ba Ya Haura Katanga

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani malamin kwamfuta ya gabatar wa sababbin ɗaliban jami'a.

Bayan sallama, malamin ya ce ɓarawon yau rigar wanda ka amince da shi yake sanyawa. Ya ce mayaudara kan turo saƙo da sunan ofishin jami'a, ko da sunan NELFUND, asusun lamunin karatu da ya fara aiki a 2024, su ce a latsa wani adireshi a zuba BVN da lambar sirrin katin banki. Wanda ya zuba, kuɗin rajistarsa sun tafi.

Ya ƙara da cewa wani kan bugo waya a matsayin ɗan ajinku, ya nemi lambobi shida da WhatsApp ya turo maka. Da zarar ka karanta masa, sai ya ƙwace shafinka, ya shiga roƙon iyayenka kuɗi da sunanka.

"'Yan uwa, banki ba ya tambayar lambar sirri," in ji shi. "Duk saƙon da ke gaggauta ka, dakata, ka taka zuwa ofishin da ƙafarka."

Daga ƙarshe ya yi kira ga wanda aka cuta da kada kunya ta hana shi sanar da bankinsa nan take. Allah Ya tsare.