Wata Na Huɗu: Lokacin Da Ciki Ya Zauna

(Jawabin da wata ungozoma 'yar ƙungiya ta gabatar a taron mata a Yusufari)

 

An ce in yi magana kan mai ciki, ni kuwa na zaɓi wata na huɗu, wato daga mako na 14 zuwa na 17 in an ƙirga daga ranar da aka fara ganin al'ada ta ƙarshe. Dalili, a nan ne muke yin sake. Laulayi ya lafa, amai ya tsaya, abinci ya fara shiga, sai mace ta ce ai ta warke. In cikin fari ne ma, kunya ta sa a ɗaure zane a ɓoye, ba a zuwa awo sai ciki ya kai wata bakwai. To wallahi an bar gini tun ran zane.

Bari mu fara da na ciki. A mako na 14 tsawonsa daga kai zuwa mazaunai bai wuce santimita 9 ba, kamar lemon tsami babba. Amma fa ya riga ya zama mutum: ga yatsu, ga fuska, zuciya na bugawa kusan ninki biyu na taki, ƙodarsa ta fara yin fitsari. Zuwa mako na 16 ya kai wajen giram 100. Yana juyi, yana shure-shure, ke dai ba ki ji ba tukuna. Wadda ta saba haihuwa takan ji motsi tun mako na 16, mai cikin fari kuwa sai wajen na 20. Don haka amarya, kada wata ta tsorata ki da cewa cikinki ya kwanta don ba ki ji motsi a wata huɗu ba.

Ke kuma uwa, mahaifa ta taso sama da ƙashin mara, zuwa mako na 20 za ta kai cibiya. Nono zai ciko, bakinsa ya ƙara baƙi, wani baƙin layi ya sauko daga cibiya. Wata takan ji suka a gefen mara in ta miƙe da sauri, wata dasashinta ya yi jini wajen aswaki, wata bayan gida ya yi tauri. Duk wannan ba jifa ba ne, ba kuma iska ba.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne maganar jini. Ruwan jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabi kafin haihuwa, in babu abin gina shi sai ya tsinke. Shi ya sa ake ba ku ƙwayar ƙarin jini kullum. Na san wasu na zubarwa a bayan randa, wai tana sa ɗa ya yi ƙato. Ba haka ba ne. Wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, ɗan zubar da wata za ta jure ita sai ya kayar da ita, kuma kun san nisan da ke tsakaninmu da Gashuwa ko babban asibitin tarayya na Nguru, balle wadda za a ɗauko daga cikin yashi wajen Tulo-Tulo. Kada a sha ƙwayar da shayi, yana hana ta shiga jiki. A haɗa da wake, zogale, ƙwai, da kifin da ake kawo mana daga Gashuwa.

Sai zazzaɓin cizon sauro. Daga mako na 13 ake fara ba mai ciki Fansidar, ƙwaya uku a sha gaban ma'aikaciya, wata ɗaya tsakani, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ƙwayar cutar kan maƙale a mabiyiya ko da uwa ba ta jin zafin jiki, ɗa ya fito ɗan mitsitsi. Wadda ta zo a wata bakwai ta yi asarar watanni uku na kariya. Gidan sauro kuma na kwana ne, ba na rufe kaji ba!

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da zuwa awo sau takwas maimakon huɗu, tare da hoton ciki sau ɗaya kafin mako na 24. A nan ake yin allurar sandarewar jarirai, a auna hawan jini.

Amma in kika ga jini ko ruwa na zuba, ko zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, ko ciwon kai da dishi-dishin gani, kada a jira ranar awo, kada a jira maigida ya dawo daga kasuwar Nguru. Surukai, wannan naku ne: ku nemi izininsa tun yau, ku ajiye kuɗin mota a gefe.

Mai tambaya ta ɗaga hannu. Wadda kunya ta hana kuma ta same ni a waje bayan an tashi.