Guzurin Ɗan Sansani: Abin da Uwa Za Ta Zuba a Jaka

Jawabin da wata mamba ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

Hajiya shugaba, iyayenmu da suka dasa wannan ƙungiya, yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

An ce in yi magana a kan guzuri, musamman na yaranmu masu tafiya sansanin bautar ƙasa. Tun 1973 da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar NYSC ake wannan tafiya. Yaro zai yi mako uku a sansani. Namu na jihar Kano yana Kusalla, can Ƙaraye, amma akasarin yaranmu wata jiha ake tura su. Tun kafin asuba ake tashinsu, a yini ana fareti a rana. Ana ba su abinci, amma ba lallai ya zama wanda cikinsu ya saba da shi ba. Sai ka ga yaro ya koma kasuwar mami, daga Indomie sai lemon kwalba, kuɗi na ƙarewa, jiki kuma bai ƙaru da komai ba.

Mu kuwa Kanawa ba yau muka fara guzuri ba. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, ba firji ba kankara. Dabararsu ita ce tamu har gobe: abin da ya bushe shi ke jure tafiya.

To, me za a zuba? Ki raba jakar gida uku.

Na farko, mai riƙe ciki. Ki soya gero da waken soya da gyaɗa, a niƙa, ya zama garin kunu. Ruwan zafi kawai yake nema, kuma ana samu a kasuwar mami. Garin kwaki ma yana da amfaninsa, amma shi kaɗai ƙoshi ne na ɗan lokaci. Sai an haɗa da gyaɗa da madarar gari.

Na biyu, mai gina jiki: dambun nama, kilishi, ƙuli-ƙuli, dakuwa. Dambun a soya shi ya bushe ƙayau, ya huce sarai kafin a rufe. Ki gaya wa yaro kada ya sa jiƙaƙƙen hannu ko cokali a ciki. In Kudu aka tura shi, iskar can akwai danshi, ya fara cinye naman a makon farko. Ita gyaɗa, don Allah a tsince ta da kyau. Wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci tana ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Zubarwa ake yi.

Na uku, wanda muka fi mantawa, ganye da 'ya'yan itace. Ki dafa zogale, ki shanya a inuwa ya bushe. In ya jiƙa shi da ruwan zafi, ya zuba garin ƙuli da yaji, ga kwaɗo ya samu. Ki sa dabino da aya. Ki ce masa cikin kuɗin kashewa ya ware na lemon ɓawo da ayaba. Cincin da dubulan da alkaki, ban ce a hana ba, amma su zama na marmari.

Yanzu ga babbar magana, Hajiyoyina: ruwa. Gudawa da amai sun fi yunwa saurin kayar da yaro a sansani. Ruwan da bai yarda da shi ba, a tafasa masa ya yi aƙalla minti 1 yana ɓararraka. Ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga banɗaki. Dafaffen abinci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce awa 2 a ajiye ba firji. Don haka shinkafar rana ba ta dare ba ce.

Ki saya masa ORS a kemis ki sa a jaka. In babu, ya riƙe wannan awo: ruwa mai tsabta lita 1, wato ledar fiya wata 2, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishiri da sunan ya fi aiki. In gudawar ta ƙi tsayawa, ko da jini, ko zazzaɓi, ya tafi asibitin sansani nan take. Ban da jin kunya.

Sai mazubi. A sa komai a roba mai murfi, ba a leda ba. Ɓera na shiga ɗakin kwana, kuma ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci ake kamuwa da zazzaɓin Lassa. Abin da ɓera ya taɓa, ya haƙura da shi.

A ƙarshe ina da shawara ga shugabanni. Ba kowace uwa ke da lokacin suya da niƙa ba. A cikinmu akwai masu ƙuli, akwai masu dambu, akwai masu dakuwa. Me zai hana mu sayo gero da gyaɗa da waken soya a Dawanau lokacin kaka, muna haɗa guzurin mako uku cikin tsabta, da ranar da aka yi shi a rubuce a jiki? Uwa ta samu sauƙi, ƙungiya ta samu riba. Ina roƙon a sa wannan cikin abin da za a tattauna a zama na gaba.

Allah ya kai yaranmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, ya albarkaci ƙungiyarmu.