Daga Biyer-sheba Zuwa Gidan Baƙunci

Karatu: Farawa 28:10-22, Luka 10:1-9

Yau muna so mu yi magana a kan yaranmu da suke shiga jirgin sama su tafi karatu wata ƙasa, su zauna shekara guda a gidan mutanen da ba su taɓa gani ba. Muna magana da yaran, da iyayensu, da ikilisiyar da ta yi musu addu'ar sallama.

Wannan al'ada ta musayar ɗalibai ba yau ta fara ba. Waɗansu mutane da suka tuƙa motocin ɗaukar masu rauni a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, cikin ƙungiyar da ake kira AFS, sun ga abin da ƙiyayya take yi wa 'yan adam. Saboda haka a shekara ta 1947 suka fara kawo 'yan makarantar sakandare daga waɗansu ƙasashe zuwa Amurka, domin yara su san juna tun ba su girma sun ɗauki bindiga ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 kuma, majalisar dokokin Amurka ta kafa wani shiri a 2002 wanda ake kira YES, aka sa masa sunan sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar. Aka fara kai ɗalibai a 2003. Yara daga Nijeriya, da Gana, da Kamaru sun tafi ta wannan hanya, Kirista da Musulmi cikin jirgi ɗaya.

To, a dokar Amurka yaron da zai tafi irin wannan karatu, shekarunsa daga 15 ne zuwa 18 da rabi. Ku duba wannan da kyau. Yaron da jiya jiya uwarsa take tashe shi don kada ya makara zuwa sujada, yau ga shi a filin jirgin sama na Abuja da fasfo a hannu da akwati mai kilo 23. Sa'a shida ko kusa da haka zai yi a sama kafin ya sauka Turai, ya canja jirgi, ya ƙara sa'a takwas ko tara bisa teku. In ya isa, agogonsa ma ya daina faɗa masa gaskiya, gama sa'ad da muke cin tuwon dare a nan, su can rana tana tsaka.

A cikin karatunmu mun ga Yakubu ya bar Biyer-sheba ya nufi Haran, wurin da yake cikin ƙasar Turkiyya a yau, tafiyar fiye da kilomita 700. Shi ba yaro ba ne, ba kuwa karatu ya kai shi ba, gudun fushin wansa Isuwa yake yi. Amma abu ɗaya ya haɗa shi da 'ya'yanmu: za shi gidan da bai sani ba, wurin mutanen da labarinsu kawai ya ji a bakin uwarsa. Rana ta faɗi masa a hanya, ya ɗauki dutse ya yi matashi. A nan ya yi mafarkin tsani tsakanin ƙasa da sama, Ubangiji kuwa ya yi masa alkawari zai kasance tare da shi, ya kiyaye shi duk inda ya tafi, ya komo da shi. Da ya farka sai mamaki ya kama shi, domin bai yi tsammani Allah yana a wannan wuri ba.

Ku lura da inda Allah ya sadu da shi. Ba a alfarwar Ishaku ubansa ba, inda aka saba jin sunan Allah. Ba kuma a Haran ba. A tsakani ne, inda ba shi da kowa. Har wannan dare, Allah a wurin Yakubu Allahn kakansa ne da na ubansa. A Betel ya fara maganar Ubangiji ya zama Allahnsa shi kansa. Da yawa cikin 'ya'yanmu da bangaskiyar aro suke tafiya. Suna zuwa sujada domin baba dattijon ikilisiya ne, suna cikin ƙungiyar mawaƙa domin mama tana zumuntar mata. Ba laifi ba ne, haka kowa yake farawa. Amma safiyar Lahadi ta fari a ƙasar baƙunci, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa, mai yiwuwa ma mutanen gidan duk suna barci, a nan ne yaro zai san ko yana da Allah ko kuwa iyayensa ne suke da shi. Iyaye, muna jin tsoron wannan safiya. Amma ita ce Allah yakan mai da ita Betel.

Yanzu bari mu zo ga zaman gidan. Sa'ad da Ubangiji Yesu ya aiki almajiransa biyu biyu, ya umarce su su sa albarkar salama a gidan da suka shiga, su ci abin da aka sa a gabansu, kada su yi ta yawo daga wannan gida zuwa wancan. Wannan umarni ya fi wuya fiye da yadda muke zato. Yaron da ya tashi da tuwon masara da miyar kuka, a sa masa ɗanyen ganye da cuku da madara mai sanyi, makogwaro yakan ƙi. Ga kuma kunya irin tamu. A gida in aka ce ka ci, sai ka ce ka ƙoshi, a sake roƙonka sau biyu sau uku kafin ka sa hannu. A can in ka ce ka ƙoshi, sun gaskata ka, an kwashe kwano, ka kwana da yunwa ba da muguntar kowa ba. Mu mun koya wa 'ya'yanmu su sunkuyar da kai in babba yana magana. A can wanda ya ƙi duban idon mai magana, sai a ɗauka yana ɓoye wani abu. Za ka ga kare yana kwana a falo kamar ɗan gida. Za ka ga maigida yana wanke kwanoni, kai ma namiji a miƙa maka tsumma. A cikin dukan waɗannan babu zunubi ko ɗaya. Ɗanmu, ka ci, ka gode, ka wanke kwanon.

Amma wani zai ce, Fasto, Daniyel fa? Ashe, ba ƙin abincin sarki ya yi ba? Gaskiya ne. Sai dai mu duba abin da Daniyel ya karɓa kafin mu zo ga abin da ya ƙi. An kai shi Babila da abokansa uku, aka sa su makaranta shekara uku su koyi harshen Kaldiyawa da littattafansu, suka koya har suka fi kowa. Aka canja musu sunaye, suka amsa. Abu ɗaya tak Daniyel ya ƙudura ba zai yi ba, wato ya ƙazantar da kansa da abinci da ruwan inabin sarki. Ko a nan ma bai tā da rigima ba. Roƙo ya yi cikin ladabi, ya nemi a gwada su kwana goma da kayan lambu da ruwa. Matsalar da muke gani ita ce, yaranmu sukan juya abin. Wani ya tsaya kai da fata a kan abin da ba kome ba ne, ya raina abincin mutane da al'adarsu, ya kulle kansa a ɗaki. Sa'an nan ranar da 'yan makaranta suka kira shi shagalin dare inda ake shan giya da abin da ya fi giya, sai ya bi, wai kada a ce shi baƙauye ne. Ya ƙi abin da Yesu ya ce a ci, ya ci abin da Daniyel ya ƙi. Saboda haka muna roƙon iyaye, kafin ranar tafiya ku zauna da yaron ku rarrabe masa tsakanin abin da yake al'ada da abin da yake umarnin Allah. In mu kanmu ba mu taɓa rarrabewa ba, to, ga zarafi ya samu.

Kada kuma mu manta da waɗanda suka buɗe ƙofarsu. A irin wannan shiri a Amurka, ba a biyan iyalin da suka karɓi ɗalibi. Daga aljihunsu suke ciyar da shi sau uku a rana, su ba shi gado nasa na kansa da wurin karatu. Wannan yakan tuna mana da matar nan ta Shunem cikin Sarakuna na Biyu sura 4, wadda ta shawarci mijinta suka gina wa Elisha ɗan ɗaki a kan soro, suka sa gado, da tebur, da kujera, da fitila. Waɗansu daga cikin masu masaukin nan masu bi ne, waɗansu ba sa zuwa sujada ko kaɗan. Kada yaronmu ya shiga gidansu da wa'azi a baki tun bai ajiye akwati ba. Ya tashi ya gyara gadonsa, ya taimaka ba sai an ce ba, ya faɗi gaskiya ko a kan ƙoƙon da ya fasa. In sun ga haka wata uku, su da kansu za su tambaye shi wane littafi ne yake karantawa da asuba.

Duk da haka ba za mu ɓoye muku ba, ba kowane masauki ne Shunem ba. Da Yakubu ya isa Haran, Laban ya sheƙo a guje ya rungume shi, ya sumbace shi, ya kai shi gida. Wannan Laban ɗin ne daga baya ya ruɗe shi a kan aure, ya canja masa lada har sau goma. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ƙananan saɓani dole ne, haƙuri ne maganinsu. Amma akwai abin da ba na haƙuri ba. Mun horar da 'ya'yanmu, musamman mata, kada su ɗaga murya a gaban babba, har wani lokaci mugu yakan fake a bayan wannan tarbiyya. Dokar shirin ta sa a ba kowane ɗalibi jami'i mai kula da shi, ba daga cikin gidan ba, wanda zai tuntuɓe shi kowane wata. Ku faɗa wa 'yarku da bakinku, ke uwa, kai uba, cewa in wani ya taɓa ta yadda bai kamata ba, ko ya tsoratar da ita, ta kira wannan jami'i nan take, ta kuma kira ku. Ku tabbatar mata ba za ku ce ta ba ku kunya ba, ko da ya zama ta komo gida kafin lokaci. Yaro yakan yi shiru a kan babban abu domin yana tuna yawan mutanen da suka raka shi tashar mota.

Sa'an nan akwai maganar waya. A da wasiƙa takan yi makonni a hanya, uwa ta miƙa ɗanta ga Allah domin ba ta da wata dabara. Yanzu ga WhatsApp, ana ganin fuska. Alheri ne, amma uwar da take kira safe da yamma tana kuka, tana hana yaron zama inda Allah ya ajiye shi. Jikinsa yana can, zuciyarsa tana nan, ga sanyin Disamba da ƙanƙara, rana tana faɗuwa tun ƙarfe biyar ba ta yi ba. Ku sa rana ɗaya a mako. Sauran kwanakin, abin da za ku faɗa masa ku faɗa wa Ubangiji a gwiwa. Ku tuna Rifkatu ta ce wa Yakubu ya yi 'yan kwanaki kaɗan, sai ga shi shekara 20. Ba ita ta kiyaye shi a Haran ba.

Alkawarin Betel kuwa bai tsaya a kan kiyayewa ba, ya haɗa da komowa. Yaron da ya tafi da bizar musaya ya sa hannu zai komo in shekarar karatu ta ƙare. Abin baƙin ciki, wani lokaci daga gida ake zuga shi, a ce kai wawa ne in ka dawo, ka ɓuya kawai. Mai bi ba ya yin haka. Ƙarya ce, cin amanar masu masauki ne, yana kuma rufe ƙofa ga ƙannen da suke zuwa a baya. In kuwa ya komo da sabon harshe a baki da tambayoyin da ba mu saba ji ba, ikilisiya kada ta yi masa dariya, kada kuma ta yi saurin cewa ya lalace. A ba shi aji a makarantar Lahadi, a ji abin da ya gani.

Mu da 'ya'yanmu ba su taɓa shiga jirgi ba, maganar ba ta wuce mu ba. Tun 1973 ake aiko mana da 'yan bautar ƙasa daga kudu, suna sauka a garuruwanmu ba su jin Hausa, hunturu yana fasa musu leɓe. Sau nawa suke zama a bencin baya a majami'armu, a tashi sujada ba wanda ya ce musu ku zo mu ci abinci? Uwar kowannensu tana can tana yin addu'ar da muke yi wa namu.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, muna miƙa maka yaran da suke shirin tashi, da waɗanda suke kwana yau a ɗakin da ba su saba da shi ba. Ka sa wa masu masaukinsu albarka, ka kāre su daga hannun mugu, ka ta'azantar da iyayensu, ka komo mana da su lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.